Ranar da Siwic Ɗin Haman Ya Ƙi Juyawa

Duk wanda ya daɗe a Briqueterie, unguwar da mazaunanta ke yanke sunanta su ce Birik, ya san Haman ko da a fuska. Dogo ne siriri, yana tafiya da ɗan sunkuyo, kullum da baƙar jaka a bayansa, wani lokaci da guntun tsani a kafaɗa. Masu gashin soya, wato tsire, na bakin titi suna kiransa Haman mai rezo, don su bambanta shi da wani Haman ɗin mai wanki da guga. Rezo shi ne abin da mutanen Yawunde ke ce wa hanyar da intanet ke bi ta shiga waya ko kwamfuta. Aikin Haman shi ne ya shigar da ita shaguna da ofisoshi, ya kuma ga cewa ba ta yanke ba.

A Garwa aka haife shi, a shekarar 1978. Mahaifinsa busasshen kifi yake saye a bakin kogi yana kaiwa kasuwa. Da Fulatanci ya tashi, Faransanci a makaranta ya same shi, Hausa kuwa sai da ya sauka Yawunde yana ɗan shekara ashirin da ɗaya sannan ya tsince ta a bakin teloli da mahauta. Har yau idan ya yi saurin magana yakan mai da mace namiji, idan aka zo faɗin lambar waya kuma ya koma Faransanci bai sani ba.

Aikinsa na farko a birni jiran teburin buga waya ne a ƙarƙashin laima. Daga nan ya koma wajen Abdulgaffar, wani ɗan unguwa da kakanninsa suka zo daga Zazzau, wanda ya buɗe shagon intanet a hanyar Tsinga da kwamfutoci tara. A nan Haman ya fara riƙe wayar rezo a hannunsa. Abdulgaffar ya fere ta, ya nuna masa siraran wayoyi takwas da ke ciki, kowace da launinta, ya ce masa in aka kuskure wurin guda ɗaya, sauran bakwai ɗin ma sun tashi a banza. Sai da Haman ya ɓata kawunan waya wajen talatin kafin ya matse na kirki guda. Shekara goma ya yi a shagon. Da kowa ya samu intanet a wayar aljihunsa, sai aka daina zuwa. Abdulgaffar ya sayar da kujeru ya koma cinikin yadi, Haman kuma ya fita da jakar kayan aiki da lambobin mutanen da suka saba kiransa in abu ya lalace musu.

Ya yi wata takwas yana zuwa wani kwas duk ranar Asabar, inda ya koyi yadda ake shiga cikin na'urorin rezo a rubuta musu umarni. Sau biyu ya zauna jarrabawar takardar shaida, sau biyu Ingilishin da aka yi tambayoyin da shi ya kayar da shi. Bai sake komawa ba. A tsakanin nan ya auri Nuriyya, wadda ke da rumfar atamfa a kasuwar Mokolo. Da yake ba shi da babba a Yawunde, maƙwabcinsa Alhaji Ilyas, tsohon mahauci, shi ya shige masa gaba wajen neman auren, shi ne kuma ya karɓa masa auren. Tun daga lokacin Haman yake ce masa Baba.

A cikin wuraren da yake wa aiki akwai wani ƙaramin asibiti a kan iyakar Birik da Tsinga, na wata likita mai suna Dakta Kulsum. Gado goma sha biyu ne, da ɗakin gwajin jini, da injin ɗaukar hoton ƙashi. Sai dai ba su da ƙwararren da ke karanta hoton. Idan an ɗauka, ta intanet ake tura shi Duwala ga wani likita, shi kuma ya dubo ya maido da bayani cikin rabin awa. Saboda haka duk ranar da rezo ya yanke, marasa lafiya sai su jeru a benci, ana ta ba su haƙuri.

Kuma yana yawan yankewa. Babban layin asibitin fibir ne, siririyar wayar gilashi da ke bin ƙarƙashin ƙasa, kuma a Yawunde ba a rasa mai haƙa: yau masu kwalbati, gobe masu famfo, jibi ɓarayin da suka zaci jan ƙarfe ne. Haman ya riga ya sa musu layi na biyu, wanda ke kama rezo ta wata ƙaramar eriya a kan rufi. Bai kai na farko gudu ba, amma yana kai hoto. Matsalar ita ce sai mutum ya zo ya canza da hannu. Sakatariyar asibitin, Salwa, ita ke kiransa. In yana kusa, minti ashirin. In yana kan tsani a can ƙarshen gari, ga cunkoson taksi, sai a yi awa guda da rabi ana jiransa.

Wata rana ya ce wa Dakta Kulsum akwai yadda za a yi na'ura ta riƙa wannan canjin da kanta. Ya kai ta wajen akwatin ƙarfen da ke jikin bango a bayan teburin Salwa, ya nuna mata siwic. Abu ne shimfiɗaɗɗe mai jerin ramuka ashirin da huɗu, kowace kwamfutar asibitin ta turo wayarta cikin rami guda, shi kuma yana miƙa wa kowa saƙonsa. Ya ce irin wannan siwic ɗin yana iya zaɓar hanya. Za a umarce shi ya riƙa aika ɗan gajeren saƙo ta babban layi duk bayan daƙiƙa biyar, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. In an amsa, shi ke nan. In ya ƙwanƙwasa sau uku a jere shiru, sai ya san layin ya mutu, ya karkatar da komai zuwa eriyar rufi. In babban layi ya dawo, ya koma.

Dakta Kulsum mace ce mai ƙarancin magana. Ta dubi fitilun siwic ɗin suna ƙyaftawa, ta ce, "To in ya juya, Malam Haman, ta yaya zan sani?"

Ya ce, "Ba sai kin sani ba, Dakta. Aiki zai ci gaba kawai."

Ta ce ya yi.

Lahadi uku ya kwashe yana zuwa bayan azahar, lokacin da ba mutane sosai. Ya zauna a kujerar roba da kwamfutarsa a cinya, littafin kwas ɗinsa na da a buɗe a ƙasa, yana rubuta umarni layi-layi. A Lahadi ta uku ya kira Dakta da Salwa su gani. Ya zare wayar babban layi daga jikin siwic, suka tsaya suna kallon agogon bango. Daƙiƙa goma sha biyar, shafin da ya tsaya a kwamfutar Salwa ya ci gaba da buɗewa. Ya mayar da wayar, komai ya koma inda yake. Sau huɗu ya maimaita. Sannan ya rufe akwatin ƙarfen, ya datse shi da kwaɗo, ya jefa makullin a jakarsa. Ya ce wa Salwa daga yau kada kowa ya taɓa komai a wurin, kuma ba sai ta riƙa kiransa ba.

Wata biyu aka yi lafiya. Wata ranar Talata cikin watan Afrilu, ruwa ya sauka tun da safe. Haman yana Mbalmayo, wajen awa guda daga Yawunde, yana ja wa wata makaranta waya. Da misalin ƙarfe goma, wata katafila da ke buɗe magudanar ruwa a nesa da asibitin da kamar kilomita guda ta tsinke fibir. Siwic ɗin bai juya ba.

A daidai wannan safiyar Alhaji Ilyas ya zame a kan jiƙaƙƙiyar matakalar ƙofar gidansa, ya faɗi a kan kwankwasonsa na dama. Babban ɗansa Awwal ya sa shi a taksi ya kai shi wajen Dakta Kulsum, da yake nan ne mafi kusa. Aka ɗauki hoto. Salwa ta danna turawa, abu ya ƙi tafiya. Ta tuna an ce mata na'ura za ta gyara kanta, sai ta jira. Ta sake gwadawa, ta sake jira. Ta duba akwatin bango, ga kwaɗo. Sai da aka yi fiye da awa guda sannan ta kira Haman, wayarsa kuma tana cikin jaka a ƙasa, shi yana cikin silin. Dakta Kulsum ta ɗauki hoton fuskar kwamfutar da wayarta ta tura Duwala, likitan can ya ce bai fita yadda zai yanke magana a kansa ba. Tsohon yana kwance a gadon turawa, bai yi kuka ba, sai dai gumi da yake yi, yana riƙe da ƙarfen gadon. Daga ƙarshe Dakta ta daina jira, ta rubuta takarda aka wuce da shi babban asibiti. Daga shigowarsa zuwa fitarsa awa uku da rabi ne.

Sai da Haman ya sauko ya ga kiran, ya iso bayan la'asar, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya tarar da Dakta tana yi wa Salwa faɗa ƙasa-ƙasa, wai tabbas wani abu ta danna. Salwa tana tsaye ta sunkuyar da kai. Ya buɗe kwaɗon, ya haɗa kwamfutarsa, bai yi minti biyu ba ya ga abin da ya faru. Siwic ɗin yana ta ƙwanƙwasawa, kuma ana ta amsa masa. Wurin da Haman ya ba shi ya riƙa ƙwanƙwasawa shi ne akwatin kamfanin intanet, wanda ke rataye a bango ɗaya da shi, tsakaninsu bai fi taki guda ba. Wannan akwatin lafiyarsa ƙalau, yana da wuta, yana amsawa. Abin da ya tsinke yana can gaba da shi, a cikin laka. Gwajin da ya yi sau huɗu ranar Lahadi bai nuna wannan ba, domin wayar da ya riƙa zarewa ita ce ta tsakanin siwic da akwatin.

Ya ɗan jima yana kallon fuskar kwamfutar. Babu wanda zai iya karanta abin da ke rubuce a wurin sai shi. Da ya ce laifin kamfani ne, ko ruwan sama, da an yarda. Ya juyar da layin da hannu, ya ga hotunan da suka taru sun fara tafiya, sannan ya miƙe.

Ya ce, "Dakta, Salwa ba ta taɓa komai ba. Ni na saita shi ba daidai ba. Kuma ni na tafi da makulli."

Ta ce ya yi mata bayani. Ya yi, a hankali, har sau biyu. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama sai ta tambaye shi ko ya san wanda aka kwantar a gadon turawa yau. Bai sani ba. Salwa ce ta faɗa masa.

Dakta Kulsum ba ta kore shi ba, ba ta kuma ce komai ya wuce ba. Ta ce ya gyara, kuma wannan karon ya rubuta mata abin da ya yi a takarda, da Faransancin da mutum zai gane. Ta juya ta ba Salwa haƙuri a gabansa.

Ashe ƙashin kwankwason ya karye. Aka yi wa Alhaji Ilyas aiki bayan kwana biyu. Likitocin babban asibiti suka ce jinkirin bai canza komai ga aikin ba, abin da ya ƙara kawai shi ne awannin da tsohon ya yi yana shan azaba. Ranar Juma'a Haman ya je dubiya, Nuriyya ta haɗa masa farfesun kaza a kula. Awwal yana zaune a bakin gado, ya amsa sallama bai ɗago ba, domin labari ya riga ya kai gida. Haman ya durƙusa ya gaishe da tsohon, ya fara bayanin siwic da akwati da fibir. Alhaji Ilyas ya bar shi ya kai rabi, sannan ya ɗaga hannu.

"Kai ka tura ni a matakala?"

"A'a, Baba. Amma jiran da kuka yi, aikina ne ya jawo."

Tsohon ya ce shi bai fahimci ko ɗaya daga cikin abin da aka faɗa ba, amma jiran dai ya ji shi, kuma ba ya fatan wani ya yi irinsa. Ya tambaya me ke cikin kular. Maganar ba ta sake tashi a tsakaninsu ba. Awwal kuwa sai da aka yi kusan wata biyar suna haɗuwa a masallaci yana kau da kai, har ranar sunan ɗansa, inda ya aiko wa Haman da goro kamar kowa.

Gyaran ya ɗauki Haman mako biyu, ya fi aikin farko daɗewa. Ya sa siwic ɗin ya daina tambayar akwatin bango. Yanzu wurare biyu masu nisa yake ƙwanƙwasawa, ɗaya daga cikinsu ita ce ainihin na'urar Duwala da ake tura wa hotuna, kuma sai dukansu biyun sun yi shiru yake juyawa, don kada laifin wuri guda ya ruɗe shi. Wajen gwaji ya daina zare wayar kusa. Fibir ɗin kansa yake cirewa daga bayan akwatin kamfani, ya bar akwatin a kunne, yadda abin ya faru ranar Talatar.

Ana cikin haka wata matsalar ta fito. Wata ranar ruwa babban layi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, minti guda yana nan, minti guda babu. Siwic ɗin ya dinga binsa, ya juya ya dawo, ya juya ya dawo, duk juyi kuma sai hoton da ke kan hanya ya katse a fara daga farko. Haman ya ƙara masa sharaɗi: in ya koma eriya, kada ya dawo sai babban layi ya yi minti uku cur yana amsawa ba fashi. Ya kuma sa duk lokacin da aka juya, saƙo ya shiga wayarsa da ta Salwa da ta Dakta. Ya yanko makulli biyu, ɗaya ya ba Salwa, ɗaya aka rataye a ofishin Dakta. A jikin ƙofar akwatin ya manna takarda mai layi shida, wadda ke faɗin wayar da za a zare da ramin da za a sa ta in na'ura ta gaza. Ya sa Salwa ta yi da hannunta yana tsaye har sai da ta daina duban takardar.

Shekara huɗu ke nan. Ranar Asabar ta farkon kowane wata yakan zo da safe, ya faɗa wa kowa zai yanke layi, ya cire fibir, ya tsaya da agogo a hannu. Ma'aikatan sun saba, ba mai ɗagowa ya kalle shi. Wurare goma sha ɗaya yanzu suke da irin wannan saitin nasa, har da kantin magani, da ofishin masu shirya tafiyar alhazai, da wani ɗakin ajiyar kaya a Mokolo. Wani ɗan kasuwa a cikinsu ya ce masa tunda rezo ya daina yankewa, shi bai ga amfanin layi na biyu ba. Haman ya buɗe masa tarihin siwic ɗin ya nuna masa sau nawa aka juya a shekarar. Mutumin ya duba, ya gyaɗa kai, ya kuma cire layin duk da haka. Haman ya kwance eriyar ya miƙa masa.

Gwiwoyinsa sun fara damunsa a kan tsani, ido kuma sai da tabarau yake bambanta ruwan lemo da ruwan ƙasa a cikin wayoyin nan takwas. Nuriyya takan ce wayarsa ta rage kuka, sai dai saƙonni, shi kuma duk wanda ya shigo sai ya ajiye lomarsa ya karanta, ko da ya san ba abin da zai yi a kai.

A bana Dakta Kulsum ta kama wani gini a can wajen gari za ta buɗe reshe. Ta ce tana son layi biyu na fibir daga kamfanoni biyu daban, tunda yanzu ana samu. Haman ya ce ta ba shi lokaci ya ga ta inda kowane ya biyo. Kwana biyu ya yi yana bin hanyar a ƙasa, yana leƙa murafen ramuka, yana tambayar masu shagunan bakin titi ranar da aka yi haƙa da waɗanda suka yi. A wata mararraba ya tarar duka layukan biyu sun shige bututu ɗaya a ƙarƙashin gada, tsawon kamar taki arba'in, kafin su sake rabuwa. Ya ɗauki hoton wurin ya kai mata, ya ce haƙa guda za ta iya ɗauke su tare, don haka ɗayan gara ya zama eriya. Ta duba hoton, ta ce ya yi yadda ya gani. Ranar Litinin zai hau rufin ginin ya duba inda eriyar za ta zauna.